Bokitin da Gulbi Ya Tafi da Shi

Sabon Gari, Maraɗi

Zuwa ga yayan su Rabi, sabon mushe, malamin makaranta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ka sauka lafiya, motar Dakwaro ba ta tsaya da ku a daji ta ce ku sauko ku tura ba. Allah ya sa garin da aka tura ka ya karɓe ka hannu biyu, ya haɗa ka da maƙwabta na gari, ya tsare gabanka da bayanka. Babanku yana gaishe ka. Rabi tana gaishe ka. Sani ma yana gaishe ka, ko da yake tun ba ka kai tasha ba ya haye katifarka, ya ce gado ya ci.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya a aljihunka. Amma ai ka san ni. Kai ne ɗan fari, ni kuwa renon Inna ce, wadda ta tashe ni a kan cewa mace mai kunya ba ta sakin baki da ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta kama sunansa. Na riƙe wannan har na fi ita Innar riƙewa, don ko laƙabi ban yi maka ba. A gida kai ne "wannan yaron", da ƙannenka suka zo ka koma "yayanku". In ka bugo waya, da na ji muryarka sai in ce to madalla, in miƙa wa babanku. Takarda ba ta da ido, shi ya sa na ce bari in gwada ta.

Abu biyu suka zaunar da ni. Na farko, ranar da za ka tafi, muna cin abincin rana, ka ba ƙannenka labarin bokiti. Ka ce gulbi ya kusa tafiya da kai kana yaro, Madam, wato ni, ta tsamo ka, kuma abin da ta fara tambaya shi ne ina bokitinta. Kuka yi ta dariya har Sani ya ƙware. Ni ma na yi dariyar, amma tuwon bai ƙara wuce mini ba. Na biyu, babanku ya ce ka gaya masa lakwal ɗin taka, makarantar da aka tura ka, aji biyu ce na zana, a bakin wata korama, ciyawa kuma ta kewaye ta har ƙugu. Ya ce an ba ku wani ɗan littafi na koya wa yara abin da za su yi in ambaliya ta zo ko wutar daji ta tashi, ka ce za ka duba shi in lissafi da Faransanci sun bar maka lokaci. To ba za su bar maka ba. Na tsufa da alli a hannu, ban ga ranar da suka bar wa wani lokaci ba. Yaran nan da aka damƙa maka tsakanin ruwa da wuta suke zaune, kuma tsoro nake ji kada ka yi musu irin abin da na yi wa nawa.

A Tibiri na fara aiki. Ina 'yar yarinya a lokacin, sabuwar madam, da jakar hannu da takalmi mai tsini wanda yashin Tibiri ya koya wa hankali tun a makon farko. Har yanzu in na rufe ido ina ganin lakwal ɗin. A ƙarshen gari take, daga ita sai gonaki, da wani ƙaton iccen bedi a tsakiya inda aka rataye ƙarfen ƙafar mota ana bugawa a madadin ƙararrawa. Lokacin hutun ƙarfe goma matan unguwa kan jera da ƙosai da kwaɗon tafasa, wata tsohuwa a cikinsu kullum sai ta ajiye mini nawa a ganye ta ce wai na rame. A can na san babanku. Kullum sai ya zo a keke ɗaukar ƙanensa, ƙanen da gidansu ko da rarrafe zai kai. Ina kewar waɗannan kwanaki, ba zan ɓoye maka ba.

Ajina na zana ne kamar naka: dirkoki, zana a kewaye, rufin kara, ƙofa ɗaya. Yara sun cika shi maƙil a kan tabarmi. Ni kuma ina tsoron kada su raina ni don ƙanƙantata, sai na ɗaure fuska na samo guntun tiyo. Dokata ita ce ba mai tashi, ba mai fita, ba mai buɗe baki sai ya ɗaga yatsa na ba shi izini. In zan fita sai in ce kowa ya harɗe hannu a ƙirji, wanda ya motsa ni da shi. Darakta har baƙi yake kawowa su leƙa ajina su ga yadda ake riƙon yara. Kaina ya yi girma ƙwarai.

Bayan kaka ne, an cire amfanin gona, kara da ciyawa sun bushe ƙamas. Lokacin fara ne kuma, yaran manyan azuzuwa kan kama ta su gasa a bayan lakwal. Na taɓa kama wasu da ashana na ba su kashi, na ɗauka na yi maganin abin ke nan. Ashe abin da na koya musu shi ne su ƙara nisa cikin gona, inda ba mai ganinsu. Rannan wutar tasu ta kuɓuce, iska ta ɗauke ta. Suka bubbuga ta da riguna, ta fi ƙarfinsu, suka tsere gida. Ba wanda ya zo ya faɗa, don kowa ya tuna tiyo.

Ni kuwa na je wurin darakta karɓo alli, na tsaya surutu. Ko da na fito sai ga hayaƙi yana tasowa ta bayan ajina. Na watsar da takalman nan na ruga. Abin da na tarar har gobe yana tsaye a idona. Hayaƙi ya cika ajin, zanar baya ta soma baƙi, yarana kuwa suna zaune layi-layi, hannu a harɗe, hawaye na zuba, suna tari a hankali don kada a ce sun yi surutu. Wata 'yar mitsitsiya a gaba, Sa'a, ta ɗaga yatsa.

"Madam, mu hita? Wuta ta kama."

Na yi ta jan su ina turawa ta ƙofa ɗayan nan. Wasu har a lokacin layi suke neman yi, wasu suna komawa ɗauko allunansu. Yaron ƙarshe na fita rufin ya kama. Kafin mutanen gari su iso da rassan bedi da ƙasa a kwanuka, ajin ya zama toka. Allah ya kiyaye, ko gashin yaro ɗaya bai ƙone ba. Darakta ya yaba mini gaban iyaye, ya ce ba don ladabin yaran nan ba da sun tattake juna. Na karɓi yabon, har na ji daɗi. Sai da kwana ya yi kwana, ina tsaye ina kallon ana kafa sababbin dirkoki, na gane cewa da surutun nawa ya ƙara tsawon gaisuwa ɗaya, ladabin nan da na koya musu shi zai zaunar da su har wuta ta same su.

Don haka ka saurare ni. Ka koya musu ladabi, ban hana ba, aji ba ya zama kasuwa. Amma ka gaya musu da bakinka, ka maimaita har su gaji, cewa in sun ga hayaƙi ko sun ji ƙauri, babu neman izini, babu ɗaga yatsa, babu ɗaukar komai. Ka yanka wa zanarka ƙofa ta biyu, ko da iska za ta riƙa kwashe maka takardu. Ka zaɓi fili guda inda ba ciyawa, ka ware wani bugun ƙarfe na daban, in ka buga shi kowa ya fita ya taru can. Za su ɗauka wasa ne, su yi ta ƙyalƙyala dariya, to ka bar su, ƙafa ba ta manta hanyar da ta saba. Ka tara iyaye tun yanzu, kafin ciyawa ta gama bushewa, a share kewayen lakwal, shara mai faɗi wadda wuta ba za ta tsallake ba. Kada ka zauna jiran wata takarda daga ofis, fartanya kake bukata. Kai ma ka sha jin labaran azuzuwan zana, ba sai na tuna maka ba.

Kuma kada abin ya tsaya a allo. Ka fita da su, ka ɗebi ƙasa ka watsa sama su ga inda iska ta nufa. Su san cewa ba a gudu a gaban wuta ta inda iska ke koro ta, don ta fi yaro gudu. Gefe ake ratsewa, a nemi gonar da aka share, ko hanya, ko wurin da ya riga ya ƙone. In riga ta kama, ba gudu ba ne, faɗuwa ake a yi birgima cikin ƙasa. A wannan yankin naka za ka sami 'ya'yan makiyaya a ajinka, waɗanda sun ga wutar daji ido da ido, kai kuwa a talabijin ka gan ta. Ka bar su su ba 'yan'uwansu labari. Sannan, ko me ka manta kada ka manta wannan: yaron da ya zo da gudu ya ce wuta ta tashi, ko da shi ya kunna ta, kada hannunka ya taɓa shi. Ka yi masa godiya gaban aji. Faɗa yana nan, sai a yi bayan an kashe.

Za ka ce ai daga nan na yi hankali. Na wuta na yi. Ruwa kuwa sai da ya ba ni nasa karatun daban, kuma da kai ya ba ni.

Bayan aure da haihuwarka aka mai da ni Jiratawa. A duk yawon aikina ba inda na ji daɗi kamar can. Ko ana tsakiyar rani ido yana hutawa a kan kore. Tun da asuba injin ban-ruwa ke tashi, ruwa na bin kanal, mata na fitowa daga lambu da dammunan zogale a ka. Iyayen yara kan aiko mana da albasa da tattasai har mu rasa wurin zubawa. A bakin kanal ɗin nan ka koyi tafiya, kakarka na biye da kai tana riƙe da bayan rigarka, ni kuwa ina leƙe ta taga kamar ba ruwana. Da ka kai aji uku sai rabo ya kawo ka ajina. In ina kiran suna da safe, na zo kanka, sai in ɗaga ido in ga kana nan in wuce. In ina son ka taso allo sai in ce kai na bayan can. Kai ma ka koma kirana Madam har a gida, ƙannenka suka tarar suka ɗauka, ga shi sunan ya bi ni har yau.

Akwai darasi a littafinmu a kan ruwa. Na rubuta shi a allo da rubutuna mai kyau, kuka kwafa, kuka haddace: in an yi ruwan sama kada a shiga gulbi. Kuna rera shi baki ɗaya har a ji ku daga hanya. A ajin akwai Kande, 'yar Anna, mutanen nan na ƙauyukan fadama masu riƙe da al'adar kakanni. Ta ɗaga yatsa ta ce kakanta ya ce da zarar shamuwa ta sauka a gari ba a zama cikin gulbi, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, don masu ruwa, iskokin gulbi, suna kan hanyar komowa gida. Aji ya fashe da dariya, ni ce a kan gaba. Na ce camfi ne, ruwa daga hadari yake zuwa, in ba hadari ba ruwa. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Na manta abin da kowane ɗan ƙasar Maraɗi ya sani in ya tsaya ya yi tunani. Gulbin nan ba daga bayan gidanmu yake tasowa ba. Daga kudu yake fitowa, ta wajen Jibiya, inda damina ke riga tamu sauka. Sai a kwana ana tafka ruwa can, mu nan rana na dukanmu, ko gajimare babu. Kakan Kande ya kira abin da sunan da ya gada, ni ban yarda da sunan ba har yau. Amma shi ya kafa wa jikarsa shinge, ni kuwa na zo na tuge wa aji guda shingen, ban kafa musu wani ba.

Ƙarshen shekarar karatu ne, zafi ya kai zafi, shamuwa ta yi sheƙa a kan tsamiyar bayan masallaci. Ana shirin bikin rufe lakwal, aka ce a zuba sabon yashi a azuzuwa. Na ce kowa ya zo da bokiti ko kwano. Kai na ba ka nawa, na ƙarfe, mai zanen fure, wanda ya zo cikin kayan aurena. Na ce in ka yar da shi kada ka dawo mini gida. Irin maganar nan ce da uwa ke yi ta manta kafin ta kai ƙofa, ban san yaro awo yake yi mata ba.

Muka gangara da hantsi. Sama tas, gulbi a bushe, yashi fari fat har ido ba ya iya kallo. Kande ta ƙi sauka. Ta tsaya a gaɓa kusa da ni da ɗan kwanonta, na ƙyale ta ina yi mata tsiya, wai ko masu ruwa sun aiko mata da saƙo. Yara suka bazu suna ɗiba suna kokawa. Kai kuwa, da taurin kan nan naku na Gobirawa, ka ce yashin tsakiya ya fi laushi, ka yi nisa da kowa.

Ƙara na fara ji, kamar babbar mota can nesa, na waiga hanya ban ga komai ba. Sai wata iska mai sanyi ta bugo ni. Sai wani mai amalanke can sama da mu ya shiga dukan jakinsa yana ihu, ruwa, ruwa. Yara suka ɗaga kai suka dubi sama, suka ga ba hadari, suka ci gaba da ɗibarsu, wasu har da dariya. Ai Madam ta faɗa. Sannan na hango shi ya karyo kwana, jajir, da kumfa da kara da kashin shanu a gabansa. Ba wani tsayi gare shi ba, amma gudu gare shi.

Na ce yara ku fito. Ba wanda ya motsa, don kowa yana jin da na kusa da shi ake. Sai na shiga kiran suna ɗaya bayan ɗaya, duk wanda nasa ya faɗa kunnensa sai ya saki kwano ya rugo. Suka hau gaɓa. Saura kai, can tsakiya, ka ba ni baya, a durƙushe, kana danna yashi cikin bokiti da hannu biyu don ya ɗauka da yawa.

Na ce kai. Na ce kai wannan. Na ce kai na can. Ba ka waigo ba, kuma ba laifinka ba ne, duk yaron da ke duniya kai ne. Na buɗe baki in kira sunanka, wallahi na buɗe, sai ya tsaya mini a maƙogwaro. Harshena bai san hanyarsa ba, bai taɓa bi ba. Ban san tsawon abin ba, watakila numfashi biyu ne, amma ruwa bai tsaya jirana ba. Kande ce ta ƙwala maka kira da 'yar siririyar muryarta, ta kama sunanka sarai, ta ce ka taho, ka yar da bokiti.

Ka waigo, ka ga ruwa, ka taso. Amma ba ka yar da shi ba. Ka rungume shi cike da yashi kana gudu kana tangaɗi, don na ce kada ka dawo gida ba shi. Saura kaɗan ka kai gaɓa ruwan ya cim maka, ya share ƙafafunka. Ban san lokacin da na shiga ba. Na damƙi wuyan rigarka, mai amalanken nan ya damƙi hannuna, aka jawo mu. Bokiti ya tafi. Kafin mu gama numfashi gulbi ya cika baki da baki, wurin da kake durƙushe ko raƙumi ya shiga sai an rasa shi.

Mutanen lambu suka taru a kanmu. Kana rawar ɗari kana kuka, ka dube ni ka ce:

"Madam, ki yi hanƙuri. Na riƙe shi, ruwa yaƙ ƙwace."

Abin da raina yake so shi ne in rungume ka in yi ta ihu. Amma ga idanu a kaina, ga ni madam, ga ni uwar ɗan fari. Sai na ji bakina ya ce, ina bokitin? Wannan ce maganar da kuka yi wa dariya rannan. To ga gaskiyarta yau. Ba bokiti nake tambaya ba, ita ce kaɗai irin maganar da na iya yi maka gaban mutane. Kakarka ce ta yi maka wanka ta goya ka, ƙaton yaro da kai. Ni kuwa na shige ɗaki na rufe, na yi kukan da ban yi irinsa ba ko ranar da Inna ta rasu.

Kashegari na goge darasin nan daga allo, na tsayar da Kande gaban aji na ba ta haƙuri. Daga wannan shekara har na ajiye aiki, ban sake rufe lakwal ba sai na zaga da yarana bakin gulbi. Ka lura, yawancin ambaliya cikin babban hutu take zuwa, lokacin da kai kana nan Sabon Gari kana shan shayi da abokanka. Ba ka nan ranar da ruwa zai yi musu jarrabawa. Abin da ka sa musu a ƙafa da kunne kafin hutu shi kaɗai zai tsaya musu, shi ya sa da Hausa za ka yi wannan darasi, da Fulatanci in akwai mai fassara, ba da haddar da za su rera maka su bar ta a aji ba.

Ka tambayi tsofaffin garin daga ina koramarku take fitowa, da iyakar inda ta taɓa kaiwa. Ka gaya wa yara ruwa yana zuwa ba hadari, kuma yana aiko da ƙara da iska mai sanyi da kumfa kafin ya iso. Kowane yaro ya nuna maka da yatsa tudun da zai nufa daga ƙofar gidansu. Su san ruwa mai gudu ko a gwiwa yake yana kayar da babba, balle su. Su san bangon ƙasa in ya sha ruwa ba a fakewa a gindinsa. Waɗanda gidajensu ke ƙetaren korama, ka gaya musu gaban iyayensu cewa ranar da ta kawo, makara ba laifi ba ce, fashi ma ba laifi ba ne, kada tsoronka ya tura ɗan wani cikin ruwa. In ka ji wani hani na iyaye da bai shiga kanka ba, kada ka yi saurin dariya, ka fara duba me yake tsarewa. Za ka sami masu ce maka tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma wanda ya ƙaddaro tsautsayin shi ya ba yaro ƙafa, ya ba malaminsa baki.

Kuma kada ka taɓa ɗora wa yaro wani kaya har ya fi masa ransa nauyi. Allo ne, jaka ce, akuya ce, takalmin salla ne, su san a yar ake a gudu. A ajina "yar da bokiti" ta zama magana, in wani ya tsaya jan jiki sai 'yan'uwansa su faɗa masa. Kande tana nan, ta zama uwar 'ya'ya, tana kawo zogale kasuwa. Na haɗu da ita makon jiya na ce mata ka zama mushe. Ta yi dariya har da tafi, ta ce a gaishe ka, a ce maka ka yar da bokiti.

Na ƙarshe shi ne suna. Ka haddace sunayensu duka tun yanzu, kafin ka haddace komai, har na shiru-shirun nan na bayan aji waɗanda ba sa ɗaga yatsa. Ka riƙa kiransu kullum har kunnensu ya san muryarka da sunansu. Ranar da hayaƙi ya tashi ko korama ta kawo, ba ka da lokacin nuni da hannu.

Ba na zargin Inna. Kunya ado ce, da ita aka rene ni, kuma ba ta hana ni son ka ba ko na rana ɗaya. Amma na ga inda adon nan ya kusa ci mini ɗa. Jiya da hantsi, su Rabi sun tafi lakwal, babanku ya fita, na shiga ɗakinka na zauna bakin katifar da Sani ya gada. Na ce tun da ni ke ce maka ƙafa ba ta manta hanyar da ta saba, bari harshe ma ya koyi tasa. Na gwada faɗin sunan a hankali. Da ƙyar ya fito, kuma na waiga ko wani ya ji. Amma ya fito. In Allah ya kawo ka hutu, ka tsaya can bakin zaure ka ba ni baya, in gwada daga nesa.

Ka gaida daraktanka da mai gidan da ya sauke ka. Ka riƙe salla, ka ci abinci, kada ka zauna da shayi kawai. Allah ya tsare ka daga ruwa da wuta, kai da 'ya'yan mutane da ke hannunka. Allah ya sa duk wanda ya shigo ajinka da safe ya koma wa uwarsa da ƙafarsa. Allah ya dawo mini da kai lafiya.

Allah ya yi maka albarka, Lawali.

Ni ce mahaifiyarka,
wadda kake kira Madam.